'Ya'yan Garin Masaƙa: Kaduna da Mutanen da Ta Haifa

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda aka saba.

Yau Kaduna za mu je, garin gwamna. Bari in fara da wata tambaya da nakan yi wa masu son ƙwallo. Ranar 21 ga watan Yuni na 1994 Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, ita da Bulgeriya, a birnin Dallas na Amurka, ta ci 3 da nema. Wa ya ci ƙwallon farko? Kowa zai ce Rashidi Yekini. Wa ya ci ta biyu? Daniel Amokachi. To, a ina aka haifi mutanen nan biyu? Nan ne akan yi shiru. Wani ya ce Ibadan, wani ya ce Binuwai. Amsar ita ce Kaduna, dukansu biyu. Ƙwallaye biyun farko da ƙasar nan ta taɓa ci a kofin duniya, haifaffun Kaduna ne suka zura su.

Abin da nake so mu bi a yau shi ne yadda aka yi gari ɗaya ya fitar da irin waɗannan mutane a ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma me ya sa sunayensu suka fito daga kowace kusurwa ta Najeriya. Ni a ganina, in ka bi zaren labarin nan, zai kai ka Kakuri, bakin ƙofar masaƙa.

Mu fara da garin kansa. Kaduna ba irin Kano ko Katsina ko Zariya ba ce, masu ganuwa da ƙofofi da tarihin sarauta na ɗaruruwan shekaru. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a bakin kogin, sai Fulani makiyaya da ke kai da kawowa. Gwamna Lugga ne ya ga wurin ya yi masa: ga ruwa, ga fili, ga layin dogo da ya ratsa ya nufi Kano a 1911. Aka fara kafa barikin soja, sannan a 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna. A shekarun 1920 kuma layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na Legas a nan. Kun ga ke nan, duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga kudu, ko ta yamma ya taso ko ta gabas, sai ya sha ruwan Kaduna.

Su wa suka fara cika garin? Sojoji, leburorin reluwe, akawu-akawun gwamnati, masinjoji, kuku da boyi-boyi na Turawa, sai 'yan kasuwar da suka biyo su. Bahaushe, Banufe, Bayarabe, Ibo, Babarbare, Tibi, mutanen kudancin lardin Zazzau, kowa da tashar da ya hau jirgi. Har yau in ka shiga tsakiyar gari ka karanta sunayen tituna, za ka ga titin Legas, titin Ibadan, titin Abeokuta, titin Katsina, titin Jos. Gari ne da baƙi suka gina tun daga tushe. Har 'ya'yan Turawan ma an haifa a can. Fiona Fullerton, wadda ta fito a fim ɗin James Bond na 1985, a Kaduna aka haife ta a 1956, lokacin mahaifinta na aikin soja.

Sai zamanin masana'antu ya zo. Arewa na noman auduga, Funtuwa da Gusau da Zariya duk akwai injinan gurza, amma sai a ɗaure ta a loda a jirgi zuwa Ingila, a saƙa, a dawo mana da yadi mu saya da tsada. Gwamnatin Sardauna ta ce a riƙa saƙa ta a gida. Aka haɗa hannu da wani kamfanin saƙa na yankin Lancashire mai suna David Whitehead and Sons, aka kafa Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957. Akoko ta fara saƙawa, farin yadin nan na talaka. Daga nan sai masaƙu suka yi ta biyo baya a shekarun 1960: Nortex, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka zuba wa jari, da UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong a 1964. A wannan shekarar ta 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta soja, DIC. A 1975 kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. A 1980 aka buɗe matatar mai. Ga gidan rediyo da talabijin tun 1962, ga jaridar New Nigerian daga 1966. Har ta kai ana kiran Kaduna da Manchester ta Najeriya, saboda yawan masaƙunta.

To, me masana'anta ke yi wa gari? Na farko, albashi. Mutum ya san ƙarshen wata zai karɓi wani abu, sai ya kama ɗaki a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, ya aika gida a kawo masa iyali, ya sa yara a makaranta. Na biyu, cuɗanya. Injin saƙa ba ya tambayar ƙabilarka. Wanda ke gefenka a wurin aiki wataƙila daga Auchi ya zo, na gaba da shi daga Zonkwa, shugaban sashenku ɗan Ilorin. In an tashi aiki, masu aikin rana na fita masu aikin dare na shiga, kekuna sun cika titi, mai tuwo da mai shayi da mai ƙosai duk suna cin abinci a jikin masaƙar. A gidan haya kuwa, ɗaki goma ƙabila biyar, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Yaran da suka tashi a irin gidajen nan Hausa ce ta haɗa su, ko da sunan yaro Emmanuel ne ko Rashidi.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato ƙwallo. A wancan zamani manyan kamfanoni kan riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Yaro in ya iya taka leda, sai a ɗauke shi, a ba shi takalmi da riga da ɗan abin sawa a aljihu, wani ma a sa sunansa cikin ma'aikata. Kuma ba a kanmu aka fara ba. Ku magoya bayan Arsenal, ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ƙungiyarku a Landan a 1886, shi ya sa har yau akwai igwa a tambarinta. Manchester United kuma ma'aikatan reluwe ne suka fara ta a 1878. Abin da ya faru a can shi ya faru a Kaduna: UNTL na da ƙungiyarta, masana'antar makamai ma na da tata, ana ce mata DIC Bees. Ku riƙe sunayen nan biyu.

Rashidi Yekini an haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa Yarabawa ne daga garin Ira a jihar Kwara ta yanzu. Masu ba da tarihinsa sun ce mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya taso cikin rashi, har ya taɓa aikin walda da kanikanci don ya samu na abinci. Ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa a farkon shekarun 1980 ita ce UNTL ta Kaduna. Ƙungiyar masaƙa ke nan. Daga nan Shooting Stars ta Ibadan ta gan shi ta ɗauke, sai Abiola Babes ta Abeokuta, sai Africa Sports ta Abijan a 1987, sannan ya haye Turai a 1990, ya koma Vitória de Setúbal ta ƙasar Fotugal.

Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, in ya saki ƙwallo mai tsaron gida sai dai ya yi addu'a. A kakar 1993 zuwa 1994 shi ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal, guda 21, kuma ba a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar yake ba. A 1993 hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ta ba wannan kambu. A 1994 a Tunisiya, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka, shi ne ya fi kowa zura ƙwallo da guda 5. Sai kuma ranar nan ta Dallas. Finidi George ya kawo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga, ya bi ta ciki, ya cusa hannuwansa cikin ragar ya riƙe yana ihu yana kuka. Duk wanda ya kalli wasan nan bai manta hoton ba. Wani abin sha'awa, sunan filin da aka buga wasan Cotton Bowl, suna ne da aka samo daga auduga. Yaron ƙungiyar masaƙa ya je ya ci ƙwallonsa a filin auduga.

Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, adadin da aka shafe shekaru masu yawa ana kallonsa daga nesa. Amma ƙarshen rayuwarsa akwai ban tausayi. Ya koma Ibadan ya zauna shi kaɗai, ba ya son hayaniya, ba ya zuwa neman alfarma wurin kowa, har Allah Ya yi masa rasuwa ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Aka kai shi Ira aka binne. Allah Ya jiƙansa. Abin da nake so ku lura da shi: Kwara na cewa nata ne, Ibadan na cewa nata ne, kuma duk suna da hujja. Kaduna da ta haife shi, ta koya masa ƙwallo, ita ce ta fi kowa yin shiru a kansa.

Mu dawo kan DIC Bees. Ƙungiyar nan ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa a 1983, Enugu Rangers ta doke ta a bugun fenareti. Daga baya Alhaji Muktar Aruwa, wanda ya zama sanata, ya karɓi ragamarta, ta koma Ranchers Bees. A 1988 ta kai wasan ƙarshe a gasar Afirka ta masu riƙe da kofin ƙalubale, a 1989 kuma ta ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. A cikinta ne wani yaro ɗan makaranta ya ɓullo, Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna a watan Disamba na 1972, asalin iyayensa daga Binuwai. Koci Clemens Westerhof ya gan shi, ya tafi da shi gasar kofin Afirka a Aljeriya a 1990 yana ɗan shekara 17. A shekarar ya koma Club Brugge ta Beljiyam.

A watan Nuwamba na 1992, lokacin da aka sauya wa gasar zakarun Turai suna da tsari, ƙwallon farko da aka ci a matakin rukuni Amokachi ne ya ci ta, a ragar CSKA Moscow. Bayan kofin duniya Everton ta saye shi. Akwai labarinsa da har yau mutanen Everton ke bayarwa suna dariya. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, da Tottenham, wani ɗan wasansu ya ji rauni ana duba shi a gefen fili. Kafin koci Joe Royle ya yanke shawara, sai Amokachi ya shige fili abinsa, ba wanda ya ce ya shiga. Ya kuwa ci ƙwallo biyu, aka tashi 4 da 1. Suka je wasan ƙarshe suka doke Manchester United. Wannan ƙarfin hali, duk wanda ya san yaran Kaduna ba zai yi mamaki ba. Kuma in kun taɓa jin Amokachi na hira da Hausa, ai ba sai an gaya muku inda ya tashi ba.

Sai 1996, gasar Olamfik ta Atlanta, wadda Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Kowa na tuna Kanu da abin da ya yi wa Brazil. Amma ku ƙirga haifaffun Kaduna a tawagar nan: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro, da wansa Emmanuel Babayaro mai tsaron gida. Mutum biyar daga gari ɗaya. A wasan ƙarshe da Ajantina, ranar 3 ga Agusta, aka tashi 3 da 2. Celestine ya ci ta farko da ka, Amokachi ya ci ta biyu, Amuneke ya rufe. Biyu cikin uku na Kaduna ne kuma.

Kowannensu ya yi gaba. Celestine ya bar Anderlecht ya koma Chelsea a 1997, ya yi shekaru kusan takwas a can. Tijjani Babangida ya buga wa Ajax, kuma shi ne ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000. Ƙaninsa Haruna har makarantar horon Barcelona ya shiga. Garba Lawal, wanda ake kira Cindo, shi ya buga ƙwallon da mai tsaron gidan Sifen, Zubizarreta, ya tura cikin ragarsa da hannunsa a kofin duniya na 1998. Ku sake duba sunayen nan: Tijjani, Garba, Daniel, Celestine, Emmanuel. Musulmi da Kirista, duk yaran gari ɗaya, duk an haife su a shekarun 1970, lokacin da injinan Kakuri ke aiki dare da rana.

Kada ku ce ƙwallo kaɗai garin ya iya. Inda duk ma'aikata suka taru da yawa, to za a samu masu magana da yawunsu. A 1969 wani saurayi ɗan shekara 17 daga ƙauyen Iyamho kusa da Auchi ya samu aiki a Arewa Textiles. Sunansa Adams Oshiomhole. Ba a Kaduna aka haife shi ba, amma a nan ya zama mutum. A 1971 abokan aikinsa suka zaɓe shi sakataren ƙungiyarsu. A 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna. A 1999 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yajin aikin watan Yuni na 2000, da gwamnatin Obasanjo ta ɗaga litar fetur daga naira 20 zuwa 30, ƙasa ta tsaya cak, sai da aka dawo da ita naira 22. Daga baya ya yi gwamnan Edo daga 2008 zuwa 2016, ya shugabanci jam'iyyar APC, ya je majalisar dattawa. Kana iya son siyasarsa, kana iya ƙin ta, wannan ra'ayinka ne. Amma iya ciniki da taurin kai a teburin sulhu, a gaban manajojin masaƙa ya koyo su.

Haka Shehu Sani, wanda aka haifa a Tudun Wada ranar 29 ga Oktoba, 1967. Mahaifinsa ma'aikacin ɗab'i ne, ya yi aiki da New Nigerian, don haka yaron ya taso cikin jaridu da littattafai. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ya shiga gwagwarmayar ɗalibai, daga nan ya faɗa fafutukar neman mulkin farar hula. A 1995 gwamnatin Abacha ta haɗa shi da waɗanda aka zarga da yunƙurin juyin mulki, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka rage zuwa shekara 15, ya fito a 1998 bayan rasuwar Abacha. Ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a majalisar dattawa daga 2015 zuwa 2019, kuma shi ne ya fito a 2018 ya faɗa wa duniya cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis. Shi ma ɗan ma'aikaci ne, ɗan gidan albashi.

To, yanzu sai ɓangaren da ba daɗi. Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi. Masaƙa kuwa kayan gyaran injinta da sinadaran rini duk daga waje take sayowa, sai tsada ta hau. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar injin da shi ya yi wuya, injinan kansu sun tsufa ba a sabunta ba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma 'yan fasa-ƙwauri na kwararo da atamfar Chaina mai araha ta kan iyakoki, wata ma an kwaikwayi zanen ta gida an buga. Masaƙar da ke sayen dizal ta kunna janareta ba za ta iya tsere da wannan ba. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun mutu ba su karɓa ba. Kuma in masaƙa ta rufe, ba ma'aikacinta kaɗai ke shiga uku ba. Mai tuwon bakin ƙofa, mai gidan haya, mai facin keke, manomin auduga a Funtuwa, har da ƙungiyar ƙwallon, duk tare suke tafiya.

Ana cikin wannan hali ne rikicin shari'a ya ɓarke a watan Fabrairu na 2000, aka rasa rayuka sama da 1,000. A watan Nuwamba na 2002 aka sake wani kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum sama da 200 suka mutu. Ban ce rufe masaƙu ne ya kawo faɗan ba, abin ya fi haka zurfi, akwai siyasa, akwai tsohuwar gaba. Amma garin da matasansa ke zaune ba aikin yi, busasshiyar ciyawa ce, ƙyastu ɗaya take jira. Bayan nan kowa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suka fi yawa. Musulmi suka yi arewacin kogi, Kirista suka yi kudu, har ana yi wa ɓangarorin laƙabi da Makka da Kudus. Gidan hayar nan mai ƙabila biyar ya zama sai labari a unguwanni da yawa.

In kuna son ganin abin da wannan ya jawo a rayuwar mutum ɗaya, ku dubi Victor Moses. An haife shi a 1990, ya taso a Kaduna yana buga ƙwallo a layi kamar yadda su Amokachi suka yi. Kamar yadda jaridun Ingila suka sha kawowa, mahaifinsa fasto ne, kuma an kashe iyayensa biyu a rikicin 2002, yana ɗan shekara 11. 'Yan uwa suka yi ƙoƙari aka kai shi Ingila a matsayin mai neman mafaka. A kudancin Landan ƙungiyar Crystal Palace ta gan shi ta horar da shi, ya je Wigan, ya koma Chelsea a 2012, ya ɗauki kofin Firimiya da ita a 2017. Ya buga wa ƙananan tawagogin Ingila, yana da damar ya zama nasu gaba ɗaya. Duk da abin da ya same shi, ya zaɓi Najeriya, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013, tare da haifaffen Kaduna, Efe Ambrose. Ku kwatanta shi da Yekini. Dukansu marayu ne a Kaduna. Ɗaya ya samu ƙungiyar masaƙa ta riƙe hannunsa a cikin garinsu. Ɗayan, bayan shekara 20, sai da ya tsallake teku kafin ya tsira da ransa.

Ba wai garin ya daina haihuwa ba ne. Sadiq Umar, wanda ya ci ƙwallo biyu a wasan da Najeriya ta samu tagulla a Olamfik ta 2016, ɗan Kaduna ne. Rahama Sadau ta Kannywood a nan aka haife ta a 1993. Marubuci Elnathan John, mai littafin Born on a Tuesday da ke ba da labarin wani almajiri, haifaffen Kaduna ne a 1982. Akwai kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da kowannensu ke jagorantar matasan ɓangarensa. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka riƙa yawo tare suna kashe wuta a wurare irin su Yelwan Shendam. Baiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Abin da ya ɓace shi ne tsanin da yaron talaka ke takawa: uba mai albashi, makarantar gwamnati mai filin wasa, ƙungiyar kamfani da ke zuwa kallon wasan unguwa tana neman yara.

Shi ya sa in na ji ana maganar farfaɗo da masaƙu, ni ba atamfa kaɗai nake hangowa ba. Kusan kowace gwamnati sai ta yi wannan alkawari, a kafa kwamiti, a kai ziyara Kakuri da 'yan jarida, ciyawa kuma na ci gaba da cin harabar. Ko da ba masaƙa ce za ta dawo ba, garin na buƙatar wani wuri da zai sake tilasta wa ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha su tsaya kafaɗa da kafaɗa awa takwas kullum, su karɓi albashi a layi ɗaya. Taron zaman lafiya a otal yana da amfaninsa, amma bai kai wannan ba.

Akwai kuma tambayar da labarin nan ke jefo mana, ko muna so ko ba ma so. Da a ce Rashidi Yekini yaro ne a yau, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar zama ɗan asalin Kaduna don ya samu gurbin karatu ko aikin gwamnati, me za a ce masa? Wataƙila a ce ya tafi Kwara, garin da ba a can aka yanke masa cibiya ba. Amma ranar da ya riƙe ragar nan a Dallas, ba wanda ya tambaye shi takarda. Mun iya rungumar baƙo in ya yi suna. Tarihin Kaduna kuwa na nuna cewa garin ya yi ƙarfi ne a lokacin da ya rungume su tun ba su zama kowa ba.

A nan zan dakata. Na san akwai sunaye da yawa da ban kawo ba, malamai, sojoji, 'yan jarida, 'yan dambe, mawaƙa, don awa ɗaya ba ta isa Kaduna. Ku rubuto mana a ƙasa wanda kuke ganin ya cancanci a yi shiri a kansa. Musamman ina roƙon waɗanda iyayensu suka yi aiki a KTL, ko Arewa, ko UNTL, ko Fijo: ku zauna da su tun suna raye, ku tambaye su yadda rayuwar ta kasance, ku naɗa a waya. Tarihin nan yana bakinsu, kuma kullum raguwa suke yi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, Allah Ya zaunar da Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya.